Sana'ar Camama da Gwaninta Ibro

A shekarun da kaset ke tashe, idan furodusa ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai a Kano da sabon fim, ɗan kasuwa ba ya fara tambayarsa abin da labarin ya ƙunsa. Kwali yake karɓa ya duba fuskar da ke kai. In ya ga jar hular nan da idanun nan a zare, to an gama rabin ciniki, don ya san kafin mako ya zagayo masu sari daga Gusau da Jos da Maraɗi za su kwashe. 'Yan fim sun raba aikinsu gida biyu. Akwai santimental, fim ɗin soyayya da rawa da waƙa da falon masu kuɗi, akwai kuma camama, fim ɗin barkwanci mai arha da ake ɗauka a ƙauye ko a lungun talakawa. Na farkon shi ke da kwalliya, shi ake bugawa a bangon mujallu. Na biyun shi ke saurin dawo da uwar kuɗi, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke jan ragamarsa: Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda yaro da babba suka sani da Ibro.

Mu da muka yi ƙuruciya tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, da finafinansa muka girma. Yaro ba ya tambayar yadda aka yi abin da ya ba shi dariya, shi dai ya ƙyaƙyata ya kwanta. Amma akwai yadda ake yi. Barkwanci sana'a ce mai kayan aiki da jari da ubangida da yara, mai riba da faɗuwa, kuma gumin da ke cikinta bai gaza na kowace sana'ar hannu ba.

Ɗanyen kayan wannan sana'a ba a sayensa da kuɗi, a bakin mutane ake tsintarsa. Ɗan camama na gaske mutum ne mai kunne. Yana zama a teburin mai shayi, a tasha, a rumfar wanzami, a bakin kotu, yana sauraren yadda kwandasta ke faɗa da fasinja a kan canji, yadda mai bin bashi ke sallama da yadda wanda ake bi ke amsawa daga cikin ɗaki da muryar mara lafiya. Yana lura da tafiyar wanda ya yi sabon ɗinki da zaman wanda aka kama da ƙarya. Duk wannan yana adanawa, wani sai bayan shekara zai yi amfani da shi. Ƙasar Hausa kuwa ta daɗe da tanadar masa gona. Akwai wawan sarki a fada, akwai 'yan kama da ke kwaikwayon wa'azi amma duk zancensu na tuwo da fura ne, akwai 'yan gambara a kasuwanni. Akwai wasan da ke tsakanin taubasai, da na jika da kaka, da na Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa. Ga kuma tashe a watan azumi, inda yaro ke fara sa gemun auduga ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya gane a karon farko cewa in ya ba manya dariya za a ba shi kwabo ko hatsi. Da yawa daga cikin 'yan wasan barkwanci a nan suka fara, daga nan sai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ko ta unguwa, masu wasan daɓe.

Kafin bidiyo, talabijin ce ta fara mayar da abin aikin yi. Usman Baba Pategi ya yi Samanja a Kaduna, da Hausarsa ta barikin soja. Ƙasimu Yero ya yi Karambana. Karkuzu ya yi tashe daga Jos. Waɗannan a gidan talabijin na gwamnati suke aiki, ana biyansu abin da ya samu, suna da suna amma ba su da kaya a kasuwa. Da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya koma abin da ake sawa a kwali a sayar, sai dariya ita ma ta sami farashi.

A wannan gaɓar Ibro ya shigo. An haife shi a 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. Ya yi kwalejin horon malamai ta Wudil, ya shiga aikin gidan yari a 1991, ya yi shekara 8 yana sa kaki kafin ya ajiye ya rungumi wasa gaba ɗaya. Ina ganin shekarun nan ba su tafi a banza ba. Gandiroba yana ganin mutane a lokacin da dabararsu ta ƙare: ɓarawon akuya da ke rantsuwa, ɗan damfara mai zaƙin baki, talakan da rigimar gona ta kawo shi. Irin waɗannan mutane su ne suka cika finafinansa, kuma bai taɓa yin su kamar wanda ya ji labarinsu daga nesa ba. Ajiye albashin gwamnati a wancan lokaci don a koma ɗan wasa ba ƙaramar kasada ba ce, musamman ga mai iyali a garin da kowa ya san gidan su kowa.

Aikin fim ɗin camama yana farawa ne daga suna. Sau da yawa kafin a san yadda labari zai ƙare an riga an san me za a rubuta a kwali. Furodusa ya duba abin da gari ke magana a kai, ya liƙa masa Ibro a gaba. Da waƙoƙin Awilo Longomba na Kwango suka cika gari, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, da hoton Usama ya cika fosta da bayan motoci, sai ga Ibro Usama. Da aka shiga yaƙin Iraƙi, sai ga Ibro Saddam. Wannan saurin shi ne jarin camama. Labarin da ke zafi yau, in aka yi wata uku ana shiri ya huce, don haka dole a ɗauka, a tace, a buga, a kai kasuwa tun mutane ba su koma wani zancen ba.

Rubutun labarin ba shi da yawa. A mafi yawan finafinan camama na wancan zamani ba a rubuta wa ɗan wasa kalmomin da zai faɗa. Abin da darakta ke riƙe da shi 'yan takardu ne da aka jera fitowa-fitowa: a nan Ibro zai zo cin bashi a hana shi, a nan matarsa za ta gano ya sayar da tunkiyarta, a nan za a kai su gaban mai unguwa. Darakta ya tara su a gindin bishiya ya ce ga inda za a fara, ga inda nake so a tsaya. Abin da ke tsakani kuwa, wanda shi ne fim ɗin, daga kan ɗan wasa zai fito nan take, kyamara na juyawa.

A nan ne gwaninta take, kuma a nan na fi son in tsaya. Wanda bai sani ba yana ɗauka surutu ne kawai da zare ido. Amma a sake kallon Ibro da idon babba. Ya san lokacin da zai yi shiru. Za a gaya masa magana mai zafi, maimakon ya mayar nan take sai ya tsaya, ya dubi mai maganar, ya dubi gefe, ya gyara hula, sai mai kallo ya fara dariya tun bai buɗe baki ba, sannan ya saki amsar. In ya yi gaggawa da daƙiƙa ɗaya ta lalace, in ya yi jinkiri da ɗaya ta wuce. Ya san yadda zai fara magana da muryar jarumi ya ƙare ta da muryar mai neman gafara a cikin numfashi guda, idan wanda yake cika wa baki ya miƙe tsaye. Kukansa daban, gudunsa daban, yadda yake tattare babbar riga in rigima ta ɓaci daban. Jikinsa duka kayan aiki ne. Kuma mutumin da yake fitowa a matsayinsa kusan ɗaya ne ko da an sa masa kakin ɗan sanda ko an ba shi sandar makiyayi: talaka mai dabara da yawa da sa'a kaɗan, mai son banza, mai tsoro, wanda duk da haka ba ka iya ƙinsa, don ka san shi a unguwarku, wataƙila ma a gidanku.

Ba ya yi shi kaɗai. Barkwanci irin wannan sai da abokin karawa, wanda zai jefo maganar da za a buga, ya kuma daure fuskarsa kada ya yi dariya. Wannan aiki ne mai wuya da ba a cika yaba wa masu yinsa ba. Kulu da Yautai da Ciroki da Gatari, da matan da suka sha fitowa a matsayin matansa irin su Tsigai da Dumɓaru, kowannensu ya san inda zai tsaya ya bar masa fili da inda zai matsa masa har ya fito da abin da bai shirya ba. Macen camama musamman tana da aiki: ita ce mai hankalin gidan, ita ke riƙe da muciya, kuma in ba ta iya zazzaga masifa da gaske ba, tsoron da mijin ke yi ba zai ba kowa dariya ba. Sau da yawa abin da ke ɓata ɗauka a lokeshan ba mantuwa ba ce, dariya ce. Mai kyamara ya kasa daurewa hoto ya girgiza, ko 'yan kallo da suka kewaye wurin su fashe, dole a sake. Abin da aka faɗa a karon farko kuwa ba ya dawowa daidai a karo na biyu.

Lokeshan ɗin camama ƙauye ne ko bayan gari, kuma wannan ma lissafi ne. Ba a hayar gidan bene, ba a hayar mota mai tsada, ba a ɗinka wa jaruma kaya kala goma. Gidan ƙasa da danga da rumbu da akuya a ɗaure duk suna nan, sai dai a gaida mai gari, a nemi izinin mai gida, a sallame shi da abin da ya sauƙaƙa. Kayan sawa tsofaffin riguna ne da ake zuwa da su a buhu. Hasken rana shi ne fitila, shi ya sa ake sammako, kuma ana tsere da inuwa har la'asar. Duk da haka kuɗi na fita: hayar kyamara da mai ɗaukarta, kaset ɗin ɗauka, motar da za ta kwashi mutane, man janareta don cajin batir, abincin mutum ashirin ko fiye, da sallamar 'yan wasa. Babban kaso na jarumin da sunansa ke kan kwali ne, don shi ake saye. Sauran kowa da matsayinsa, har a gangaro kan yaran da ke riƙe waya da ɗaukar jaka da korar yara daga gaban kyamara, waɗanda wani lokaci abin da za su samu bai wuce abinci da kuɗin mota ba. Ta nan ake koyon sana'ar. Yaro ya yi shekaru yana bin ubangidansa, wata rana a ce ya fito a matsayin ɗan aike ya faɗi jimla ɗaya. In ya faɗe ta yadda mutanen wurin suka yi dariya, gobe a ba shi biyu. A kwana biyu ko uku an gama ɗaukar fim, wani lokaci a ɗauki na ɗaya da na biyu a zama guda, jarumin kuma ya wuce wani lokeshan inda wani furodusan ke jiransa tun jiya.

Sai waƙa. Kasuwa ta saba da cewa fim ba ya tafiya ba waƙa, camama ma ba ta tsira ba, sai dai ta mayar da abin nata salo. A situdiyo ake yin waƙar da fiyano tun kafin a fita ɗauka, a zo lokeshan a kunna, ɗan wasa ya bi da baki yana rawa. Da yawa daga cikinmu mun girma muna ɗauka Ibro ne ke rera duk waƙoƙin finafinansa, alhali mawaƙi Sadi Sidi Sharifai ya yi suna ne wajen rera waƙa da irin muryarsa. Wannan ma wata sana'a ce a cikin sana'a: mutum ya horar da maƙogwaronsa har ya zama na wani.

Daga lokeshan sai ɗakin edita, inda ake yanke wuraren da aka yi dariya ko aka yi tuntuɓen harshe, a jera fitowa, a sa kiɗa da 'yan ƙararrakin da ke raka faɗuwa da gudu. Daga nan sai hukuma. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 an dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar, kuma tun daga lokacin sai an kai fim an duba, an biya kuɗin tacewa, kafin a sake shi. In an ce a cire wata rawa ko wata kalma, a koma wurin edita, wani kuɗin kuma.

Yadda ake sayarwa a zamanin kaset abin sha'awa ne ga mai son sanin kasuwanci. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake sayarwa. Zai je maɗaba'a ya buga kwalaye dubbai da fosta, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset. Su ke da injinan kwafa, bidiyo-bidiyo a jere a ɗaki suna aiki dare da rana, su ke sayen kaset ɗin da ba komai a kai, su kwafa, su zura a kwalinsa su sayar. Rabon furodusa yana kan kowane kwali, wajen naira 50 a farkon shekarun 2000, kuma galibi ba a ba shi a take. Sai kaya sun tafi ya zo ya karɓa, kwalin da bai shiga ba a mayar masa da abinsa. Ga kuɗin talla a rediyo, ga na sa tallar sabon fim a farkon wani fim ɗin da ke kasuwa. Wanda ya buga kwali da yawa fim bai karɓu ba, ya kwana da takarda a ɗaki. Wanda ya buga kaɗan fim ya karɓu, kafin ya koma maɗaba'a masu satar fasaha sun cike gurbin da nasu. Abin da ya sa 'yan kasuwa ke son camama ke nan: jarinta kaɗan ne, mai sayenta kuma ba ya jiran ya ji ra'ayin kowa. Kuɗin da wasu furodusoshi suka yi manyan finafinan soyayya da su, daga ribar camama suka fito, ko da yake ba kowa ke son a faɗa ba.

Ƙarshen tafiyar kaset ɗin shi ne inda muke, mu yara. A unguwarmu ba kowane gida ke da bidiyo ba. Gidan da ke da shi, ranar da aka kawo sabon Ibro daga shagon haya, tsakar gida ta cika tun kafin a idar da sallar isha'i. A fito da talabijin a ɗora kan tebur, mata a kan tabarma, mu a ƙasa a gaba, samari a tsaye a bakin zaure suna yi kamar wucewa suke. In an ɗauke wuta a tsakiya, salatin da ake yi har maƙwabta sai sun ji. Na fi tuna Ibro Awilo, don bayansa duk wani yaro a layinmu sai da ya gwada rawar nan, da Ibro Ɗan Fulani, wanda kakata ke kallo tana faɗa tana dariya har da share hawaye da gefen mayafi. Fim ɗin soyayya in an sa, tsofaffi tashi suke yi, wani lokaci a kore mu. Na Ibro ne kaɗai ke zaunar da kaka da jika da surukar gida a tabarma ɗaya. Washegari a makaranta kuwa an sami abin yi: wanda ya kalla ya tsaya a tsakiya yana maimaitawa da murya da tafiya, waɗanda ba su kalla ba su kewaye shi. Kaset ɗaya da aka yi haya, sai ya ba mutum ɗari dariya, kuma cikin ɗarin nan ba wanda kuɗinsa ya kai hannun ɗan wasan.

To ina ɗan camama ke samu? Kuɗin fitowa a fim sau ɗaya ake biya, da baki ake yin ciniki, ko fim ya sayar da dubu ko dubu ɗari ba a ƙara masa. Shi ya sa yawan aiki ya zama dole, shi ya sa kuma finafinan Ibro suka yi yawan da da wuya a sami wanda zai ƙirga su duka. Sauran samu yana wajen fim: wasan sallah a silima da filayen wasa, gayyatar biki, tallar kaya, tafiye-tafiye zuwa Damagaram da Maraɗi da Yamai da zangon Hausawa a Gana da Kamaru inda ake tarbarsu kamar sarakuna, da kuma lokacin siyasa, wanda ke kawo kuɗi da yawa ya kuma jawo gaba da yawa. Wanda ya yi hankali ya sayi gona ko fili ko ya kafa nasa kamfanin. Wanda bai yi ba, ranar da kasuwa ta juya masa baya ba fansho ba garatuti. Kuma duk abin da ya samu ba nasa ne shi kaɗai ba, don mai suna a ƙasar Hausa ƙofar gidansa ba ta rabuwa da masu buƙata.

Wahalar sana'ar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Akwai hanya: rayuwar ɗan fim a mota take, kuma hanyoyinmu sun ci 'yan wasa da dama, irin su Balaraba Muhammad a 2003 da Ahmad S. Nuhu a ranar 1 ga Janairun 2007. Akwai raini. Mutumin da zai biya kuɗi ya yi dariya da fim ɗinka, shi ne zai hana ka 'yarsa don kai ɗan wasa ne, kuma a cikin 'yan fim ɗin ma an daɗe ana kallon ɗan camama a matsayin na ƙasa. Akwai kuma nauyin da ba a gani: ɗan barkwanci ba shi da izinin ɓacin rai a bainar jama'a. Ya je gaisuwar mutuwa a dube shi a fara murmushi, ya je asibiti da ciwo a ce ya ɗan taɓa. Ga hukuma. Bayan rikicin da ya taso a masana'antar a 2007, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka shiga kame da rufe shaguna, 'yan fim da yawa suka koma Kaduna da aiki. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata 2 a kan fim ɗin Ibro Aloko, ya shiga gidan yari a matsayin fursuna bayan ya yi shekaru yana aiki a cikinsa.

Ba zan ce camama ba ta da laifi ba. An yi finafinan da aka yi su don kawai a cika kwali, labari ba kai ba gindi, sauti na shiga da iska. An yi dariya da makaho da gurgu da mai in'ina ta hanyar da ba ta dace ba, an kuma maimaita kwaikwayon Hausar Bagware da ta Bafulatani har ta wuce wasan da al'ada ta yarda da shi ta koma gori. Ibro kansa ya fito a finafinai da yawa da ba su kai darajarsa ba, don furodusa na jira kuma gida na jira. Amma a cikin tarin nan akwai aikin da ya faɗi gaskiyar da fim ɗin falo bai taɓa faɗa ba: yadda ɗan sanda ke karɓar na goro, yadda ɗan siyasa ke alkawari, yadda malamin tsibbu ke cin kuɗin mata, yadda talauci ke koya wa mutumin kirki ƙarya. Talaka ya ga kansa a talabijin da rigarsa mai faci, kuma shi ne jarumin.

Ibro ya rasu ranar 10 ga Disambar 2014 a Kano, bayan fama da ciwon ƙoda, yana ɗan shekara 43 ba 'yan kwanaki. Rasuwarsa ta zo daidai lokacin da kasuwar da ta ɗaukaka shi take rushewa. Kaset ya riga ya ba faifan sidi wuri, sidi kuma ya fi sauƙin sata. Sannan 'yan dawunlodin suka buɗe shaguna a kowane lungu, suna tura fim a waya ko a memori da kuɗin da bai kai na ƙullin gyaɗa biyu ba, ga finafinan Indiya da aka fassara da Hausa sun zo sun cinye sauran masu sayen. Shagunan kaset na Ƙofar Wambai da Bata suka koma sayar da wasu kayan. Abokan aikinsa da waɗanda suka biyo baya, su Bosho da Daushe da Baba Ari da Naburaska, kowa ya nemi inda zai dafa. Wasu sun sami wuri a shirye-shirye masu dogon zango na talabijin, kamar Gidan Badamasi da tashar Arewa24 ta nuna, inda ake rubuta kowace kalma kafin a ɗauka, abin da ya sauya aikin ɗan barkwanci sosai: yanzu sai ya iya hadda, kuma sai ya sa maganar wani ta fito kamar yanzu ta faɗo masa.

Yaran da ke shigowa yau ba sa bin ubangida shekara biyar kafin a ba su jimla ɗaya. Waya ce kyamararsu, a cikinta suke tacewa, su ɗora a YouTube ko TikTok ko Facebook. Jarinsu data da caji da abokai biyu. Sai dai YouTube ba ya buɗe wa tasha kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da kallo mai tarin yawa, kuma abin da talla ke biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kai na mai kallo daga Turai ba, don haka da yawa sun fi dogara da tallar masu shaguna da masu maganin gargajiya da suke sakawa a tsakiyar wasan. Fim ɗin awa biyu ya koma minti uku, kuma dole dariyar farko ta zo kafin yatsa ya ture hoton.

Tsofaffin finafinan Ibro ma suna can a intanet, an yayyanka su gutsi-gutsi, hoton ya dushe don daga tsohon kaset ko sidi aka kwafo, kuma har yanzu dubban mutane na kallo. Da yake da baki aka yi cinikin yawancinsu, kuma kamfanonin da suka shirya su da yawa sun watse, in akwai kuɗin talla a kan waɗannan gutsattsarin, yawanci aljihun wanda ya ɗora yake shiga, ba na furodusan da ya sa jarinsa ko iyalan waɗanda suka yi wasan ba.